Daga Gazargamu zuwa Yerwa: Wuraren Tarihin da ke Kan Hanyar Kakanninmu



Idan aka yi zancen yawon buɗe ido a yau, hankalin yawancinmu ƙasashen waje yake tafiya. Wannan ya ce Dubai, wancan ya ce Santambul, wani ya ce shi dai burinsa ya tsaya gaban dalar Fir'auna a Misira ya ɗauki hoto. Babu laifi a cikin wannan, domin tun ba yau ba Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilimi. Abin da muke so mu tuna wa juna shi ne, garin da muke zaune a cikinsa yana kan ɗaya daga cikin manyan hanyoyin tafiya mafi daɗewa a Afirka. Mutane sun taso daga Jamus da Ingila, sun ratsa hamada bisa raƙuma, wasu sun bar ransu a hanya, don kawai su ga wuraren da ba su wuce tafiyar 'yan sa'o'i a mota ba daga nan. Kakanninmu Hausawa kuma sun bi ta nan da ƙafa har Makka. Yau rikici da ambaliya da gobara da mantuwa sun haɗu suna cinye waɗannan wurare, kuma yaran da aka haifa bayan 2009 da yawansu ko sunayensu ba su taɓa ji ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda tarihi ya jera su.

Borno, ƙofar gabas

Alaƙar Hausawa da Borno ta girmi Maiduguri da ɗaruruwan shekaru. Ko a labarin Bayajidda da muka ji tun muna yara, sai da ya sauka Borno, Mai ya aura masa 'yarsa, kafin ya yi yamma ya isa Daura. Tarihin Kano ya ambaci zuwan wani basarake mai suna Dagaci daga Borno a zamanin Sarki Dauda, a ƙarni na 15, ya kuma ce a zamanin Sarki Abdullahi Burja aka buɗe hanyoyin fatauci daga Borno zuwa Gwanja. Fatakenmu suna kawo goro da tufafin Kano masu baba, su koma da kanwa da dawaki da shanu. Almajiranmu kuwa har yau idan an ce wane ya tafi gabas, kowa ya san Alƙur'ani ya tafi nema a tsangayun Borno, ƙasar gwanaye da alarammomi.

Sarakunan wannan ƙasa su ma matafiya ne. Tun daular tana Kanem, gabas da Tafkin Chadi, sarakunan gidan Saifawa suke zuwa aikin hajji. A ƙarni na 13, zamanin Mai Dunama Dabalemi, mutanen Kanem suka kashe dukiyarsu aka gina makaranta da masauki a Alƙahira, wadda aka sani da makarantar Ibn Rashiƙ, domin alhazai da ɗalibansu su samu wurin sauka. A lissafa a gani, kusan shekara 800 ke nan mutanen wannan yanki suna da masaukinsu na kansu a Misira.

Birnin Gazargamu

Wuri na farko da ya kamata kowane mazaunin Borno ya san da shi shi ne kufan Birnin Gazargamu, kusa da Gaidam, a jihar Yobe ta yanzu. Mai Ali Gaji ne ya kafa shi wajen shekarar 1470, bayan gidan sarautar ya baro Kanem saboda yaƙi da Bulala ya yi shekaru yana sauya mazauni. Birnin ya yi fiye da shekara 300 yana matsayin babban birnin Borno. An kewaye shi da ganuwar ƙasa mai tsawon sama da kilomita 6, kuma an gina fadarsa da tubalin da aka gasa da wuta, abin da ba a saba gani ba a wannan yanki a wancan lokaci. Kusa da shi, a Gambaru, bakin kogin Yobe, akwai ragowar wata fadar ita ma ta jan tubali.

A wannan birni Mai Idris Alauma ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 16. Babban limaminsa, Ahmad Ibn Fartuwa, ya rubuta tarihin shekarunsa 12 na farko, inda ya ba da labarin hajjinsa, da masaukin da ya tanadar wa alhazan Borno a ƙasa mai tsarki, da masallatan tubali da ya gina, da bindigogin da ya samo tare da Turkawan da suka koya wa dakarunsa harbi. Ga wani abu da zai ba mazauna Maiduguri sha'awa: laƙabin Alauma daga Alau ya samo asali, domin ruwayar Barebari ta ce a can ya rasu aka binne shi. Wato tafkin nan da ke bayan gari, wanda muke sayen kayan lambun da aka noma a bakinsa, sunansa yana haɗe da sunan sarki mafi shahara a tarihin Borno.

Gazargamu ta faɗi a 1808 a hannun masu jihadi ƙarƙashin Gwani Mukhtar. Mai ya nemi taimakon wani malami, Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda muka fi sani da Shehu Laminu, aka ƙwato birnin, amma ba a daɗe ba aka sake kai masa hari, daga nan aka bar shi ya zama kufai. A wannan lokaci ne aka yi musayar wasiƙu tsakanin Shehu Laminu da shugabannin Sakkwato a kan halaccin yaƙar Borno, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya adana wasu daga cikinsu a littafinsa Infaƙul Maisuri. Malamai ne suka yi saɓani, kowa ya kawo hujjarsa a rubuce, kuma har wanda ba a yarda da shi ba an ajiye maganarsa don na baya su karanta. Wannan kaɗai darasi ne gare mu.

Kukawa, inda Turawa suka yi ta tururuwa

A 1814 Shehu Laminu ya kafa sabon gari kusa da Tafkin Chadi, aka sa masa suna Kukawa saboda itacen kuka da ke wurin. Ya rasu a 1837, ɗansa Shehu Umar ya gaje shi. A 1846 sojojin Wadai suka ƙone garin, a rikicin da ya kawo ƙarshen sarautar Saifawa, ɗaya daga cikin gidajen sarauta mafi daɗewa a duniya. Da Shehu Umar ya sake gina Kukawa sai ya yi ta gari biyu, kowanne da ganuwarsa: na gabas na Shehu da fadawansa, na yamma na talakawa da fatake da baƙi, babbar kasuwa kuma tana ci ranar Litinin. Duk wanda ya san Kasuwar Litinin ta Maiduguri da faffaɗan Dandal da ya miƙe zuwa ƙofar fadar Shehu, to ya ga tsarin da aka gado daga Kukawa.

A ƙarni na 19 babu garin da Turawa masu binciken ƙasa suka fi ɗokin gani a tsakiyar Afirka kamar Kukawa, sai fa Tambutu. A 1823 Denham da Clapperton da Oudney suka iso daga Tarabulus. A 1851 Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi amfani da sunan Abdulkarim, ya iso shi ma. Abokin tafiyarsa Overweg ya zo da kwale-kwale a gutsuttsure bisa raƙuma tun daga bakin teku, ya harhaɗa shi ya shiga tafkin, sannan ya rasu a 1852 aka binne shi a bakin ruwan. A 1870 Nachtigal ya zo da kyaututtuka daga sarkin Furusiya zuwa ga Shehu Umar. Littattafan da waɗannan mutane suka rubuta an buga su a Landan da Jamus, kuma ta nan Turai ta san Borno.

A nan ne labarin ya shafe mu kai tsaye. Cikin masu yi wa Overweg hidima a Kukawa akwai wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda aka kama yana ƙarami aka sayar da shi bawa har ya iso Borno. Overweg ya 'yanta shi tare da wani yaron Margi mai suna Abbega. Bayan rasuwar Overweg suka bi Barth zuwa Sakkwato da Tambutu, suka dawo Kukawa, suka ratsa hamada, suka isa Landan a 1855. A can Dorugu ya ba wani ɗan mishan mai suna Schön labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da Hausa, aka buga shi a littafin Magana Hausa a 1885. Yana cikin labaran tafiya na farko da aka buga da harshenmu, kusan shekara 60 kafin Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi game da zuwansa Ingila a 1943. Dorugu ya dawo gida, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912. Tafiyarsa zuwa Turai daga Kukawa ta fara, amma mu nawa ne a cikinmu suka san sunansa?

Dikwa da gidan Rabi

A 1893 Rabi, wanda ya taso daga Sudan da dakaru masu bindiga, ya ci Borno da yaƙi, ya rushe Kukawa, ya mai da Dikwa hedikwatarsa. Shekara bakwai ya yi yana mulki, kuma tsofaffin Borno sun gaji labaran tsananin da aka sha a hannunsa. Yana da alaƙa da gidan Shehu Ɗanfodiyo ta hanyar Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, wanda ya auri 'yarsa Hauwa, kafin daga baya su ɓata. Ranar 22 ga Afrilu, 1900, Faransawa suka kashe Rabi a Kusuri. Kwamandansu Lamy shi ma ya mutu a wannan yaƙi, aka sa wa sansanin da aka kafa a tsallaken kogi sunansa. Shi ne garin da tsofaffinmu ke kira Fallomi, wanda yau ya zama Injamena, babban birnin Chadi.

Gidan da Rabi ya gina a Dikwa, mai katanga mai kauri da ɗakin ajiyar makamai, yana cikin gine-ginen da gwamnatin tarayya ta ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa. Gida ɗaya ne amma ya ga iyayengiji da yawa. Bayan Rabi, Dikwa ta faɗa hannun Jamusawa, bayan yaƙin duniya na ɗaya ta koma hannun Ingila, a 1942 aka mai da hedikwatar masarautar Bama, sannan a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 yankin ya zaɓi zama cikin Najeriya. Wanda ya tsaya a wannan gida ya fahimci dalilin da ya sa dangi ɗaya suke rarrabe tsakanin Najeriya da Kamaru da Chadi.

Yerwa da unguwar Hausari

Bayan faɗuwar Rabi, Turawan Ingila suka amince da Shehu Abubakar Garbai a 1902. Ya zauna Monguno, ya yi ƙoƙarin farfaɗo da Kukawa, amma garin ya riga ya lalace, ga nisa, ga ƙarancin ruwa. A 1907 ya tare a Yerwa, bakin kogin Ngadda, kusa da sansanin Turawa na Mafoni da tsohon ƙauyen Maiduguri. Ke nan garinmu bai wuce shekara 120 ba, yaro ne idan aka kwatanta da Kano ko Katsina, amma sarautar da ke cikinsa da al'adun da aka taho da su tsofaffi ne ƙwarai.

Sunayen unguwanni kaɗai sun isa su ba da tarihin waɗanda suka gina garin. Shehuri ta Shehu da iyalansa ce, Limanti ta limamai, Fezzan ta fataken Larabawa da suka zo daga kudancin Libiya, Hausari da Zango kuwa namu ne, mu da Barebari ke kira Afuno. Ba a gefen daji aka ajiye mu ba, a cikin tsohon gari muke, kusa da kasuwa. Mahauta da dukawa da 'yan koli da dillalan goro da malaman allo daga Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram sun zauna a nan, sun yi auratayya, har ya zama da wuya ka sami tsohon gida a Hausari da babu jinin Barebari ko Shuwa a cikinsa. Wannan karɓa da masarautar Borno ta yi wa kakanninmu bashi ne a wuyanmu.

Daga baya garin ya ƙara bunƙasa. Jirgin ƙasa ya iso a 1964, aka mai da Maiduguri babban birnin jihar Arewa maso Gabas a 1967, aka buɗe jami'a a 1975, aka ƙirƙiro jihar Borno a 1976. Baƙon da ya zo a waɗannan shekaru za a kai shi fadar Shehu da Dandal, ya kalli hawan sallah da dawakan Borno masu ado, a kai shi gidan tarihi na jiha, da gidan namun daji na Sanda Kyarimi, wanda aka sa wa sunan Shehun da ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1967. Zai koma gida da hular zanna da turaren wuta da humra a matsayin tsaraba.

Hanyar Makka ta ƙasa

Babbar tafiyar da ta haɗa Hausawa da Maiduguri ita ce ta aikin hajji. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira zuwa gabas da dubban mutane, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sannar. Daga wannan lokaci hanyar gabas ta cika da mahajjata, kuma Maiduguri ce babban zango na ƙarshe kafin a bar ƙasa.

Hanyar a sane take. Daga Kano a biyo ta Potiskum da Damaturu a sauka Maiduguri, a huta a gidajen fatoma, a gyara guzuri, a jira ayari. Daga nan Dikwa, Gamboru Ngala, a ratsa ɗan yankin Kamaru zuwa Kusuri, a tsallake kogi zuwa Fallomi. Sai Ati da Abeshe da Adare, a shiga Sudan ta Janaina, a wuce Fashir, a kai Ubayyid inda layin dogo ya tsaya. Daga can Khartum, sai bakin Bahar Maliya a Sawakin ko Fot Sudan, a hau jirgin ruwa zuwa Jidda.

Ba tafiyar wata ɗaya ko biyu ba ce. Talaka yakan fita da iyalinsa da jakinsa, idan guzuri ya ƙare ya tsaya ya yi noma ko ƙwadago ko ɗinki ko koyar da yara, ya tara abin da zai kai shi zango na gaba. Bayan an gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, Hausawa da yawa suka tsaya can suna tsinkar auduga. Wani ya yi shekara biyar kafin ya ga Ka'aba, wani goma, wani ya haifi 'ya'ya a hanya har suka yi aure bai kai ba. Waɗanda suka zauna su ne asalin Hausawan Chadi da Sudan da Hijaz, waɗanda ake kira takari. Masu hali kaɗan ne suka bi wata hanya, kamar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ya tafi ta jirgin ruwa a 1921, ya biya ta Ingila.

Wani abin lura, da jirgin sama ya zo, sawun waɗannan mahajjata ya bi. A lokacin yaƙin duniya na biyu, jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana ana tuƙa su zuwa Misira ta Legas da Kano da Maiduguri da Janaina da Fashir da Khartum, zango-zango kamar ayarin alhazai. Bayan yaƙi motocin haya suka rage wahalar ƙafa, sannan jirgi ya karɓe jigilar baki ɗaya. Aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, aka sake mata fasali a 2006. Yau maniyyaci yakan tashi daga filin jirgin Maiduguri ya sauka Saudiyya cikin 'yan sa'o'i, yana wucewa ta saman ƙaburburan waɗanda suka rasu a hanya. Allah Ya jiƙansu, Ya ba su ladan niyyarsu.

Tafkin Chadi da kwale-kwalen Dufuna

Ba a zancen abubuwan kallo na Borno a bar Tafkin Chadi. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, kuma a 1964 Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa hukumar kula da shi. Farin shekarun 1970 da 1980 ya janye ruwan har ya koma kimanin kashi ɗaya cikin goma. Duk da haka, masuntan Hausawa daga Kabi da Sakkwato da Haɗeja sun cika Baga da Doron Baga da tsibiran tafkin, suna kama kifi, suna noman masara da wake a inda ruwa ya janye. Bandar da suka yi ita ce ke cika Tashar Baga a nan Maiduguri, a loda ta a manyan motoci har Anaca da Legas.

Shaidar daɗewar rayuwar ruwa a wannan yanki ta fito a 1987, lokacin da wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, ƙaramar hukumar Fune a Yobe, ya ci karo da wani katako. Masanan Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi, sai ga kwale-kwale mai tsawon sama da mita 8, wanda bincike ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka samu a Afirka, ya girmi dalar Misira da dubban shekaru, yana nan ajiye a Damaturu, hanyar da muke bi kullum idan za mu Kano.

A kudu kuma, kan duwatsun Mandara, akwai Sukur a ƙaramar hukumar Madagali ta Adamawa, mai fadar duwatsu da gonakin tudu da tsofaffin maƙeru. A 1999 hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya, kuma ita ce ta farko da ta samu wannan matsayi a Najeriya.

Abin da ya same su

Duk mun san abin da ya faru daga 2009. Sambisa, wadda a da gandun namun daji ce da ake zuwa kallon giwaye da barewa da tsuntsaye, sunanta ya koma abin tsoro. An kai wa Sukur hari a 2014. Baga ta ga bala'i a watan Janairun 2015. Dikwa da Bama da Gamboru sun faɗa hannun 'yan ta'adda na wani lokaci, mutanen Kukawa suka watse zuwa sansanonin gudun hijira. A can gaba, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya ɗaiɗaita Janaina da Fashir da Khartum, wato tsohuwar hanyar hajji ta toshe daga kai har gindi, kuma cikin waɗanda abin ya shafa akwai jikokin mahajjatan da suka kwana a Hausari.

A cikin gari ma ba mu tsira ba. A watan Fabrairun 2023 gobara ta cinye Kasuwar Litinin. Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa da kasuwanni da maƙabartu, hukumomin gidan namun daji suka ce fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun mutu. An ƙirga rayuka da gidaje da dukiya, amma akwai asarar da ba ta shiga lissafi ba: tsofaffin hotuna, takardun gado, wasiƙun ajami da fasfunan alhazan ƙasa da ke cikin adakar kakanni. Abin da ruwa ya ci daga cikinsu ya tafi ke nan.

Darasin Tambutu ya isa abin koyi. A 2012 masu ɗauke da makamai suka rushe hubbaren malamanta, amma iyalan garin suka ɓoye dubban littattafan hannu, suka fitar da su a akwatuna zuwa Bamako. Bayan an samu sauƙi, maginan garin suka sake gina hubbaren da irin ginin kakanninsu, a 2016 kuma kotun duniya ta ɗaure wanda ya jagoranci rushewar shekara tara. An iya gyarawa ne saboda mutanen garin sun san darajar abin da suke da shi, kuma sun adana iliminsa tun kafin masifa ta zo.

Abin da ya rage gare mu

Ba muna cewa kowa ya ɗauki iyalinsa ya nufi Kukawa ko Baga ba. Rai ya fi kallo, kuma maganar hanya sai da izinin jami'an tsaro da shawarar mutanen wurin. Amma akwai abin da ba ya buƙatar rakiyar soja. Uba zai iya kai 'ya'yansa Dandal ya nuna musu fadar Mai Martaba Shehun Borno, Alhaji Abubakar Ibn Umar Garbai El-Kanemi, ya faɗa musu daga ina wannan sarauta ta taso. Malaman makarantunmu na boko da na Islamiyya za su iya shirya wa ɗalibai ziyarar gidan tarihi. Mai tafiya Kano zai iya tsayawa Damaturu ya nemi ganin kwale-kwalen Dufuna.

Mafi gaggawa shi ne tsofaffinmu. A Hausari da Gwange da Gamboru da Bulabulin har yanzu akwai dattawa maza da mata da suka je Makka ta ƙasa, ko aka haife su a hanya, ko suka yi su a tafki lokacin yana cike. Kowace shekara muna binne wasunsu. Wayar da muke ɗaukar hoton biki da ita ta isa ta naɗi muryarsu. Muna roƙon duk mai irin wannan dattijo a gida ya zauna da shi, ya tambaye shi sunayen zangunan da suka sauka, da wanda ya sauke su, da sana'ar da suka yi a hanya, da dangin da suka bari a can. Wanda ke da tsohuwar takarda ko hoto ya ɗauke shi a waya, ya ajiye a wuri fiye da ɗaya. Wanda ya amince ya turo wa ƙungiya, za mu tattara mu riƙa kawowa a wannan shafi da izinin masu shi.

Wanda Allah Ya hore masa ya je Santambul ko Alƙahira, ya je, Allah Ya kai shi lafiya. Idan ya isa Alƙahira dai ya tuna cewa mutanen ƙasar nan sun riga shi da kusan shekara 800, kuma ya iya ba da wannan labari idan aka tambaye shi daga ina ya fito.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara wa Shehu lafiya da nisan kwana, Ya dawo da zaman lafiya Borno da Chadi da Sudan, Ya nuna mana ranar da za mu ɗauki 'ya'yanmu mu kai su Kukawa da bakin tafki ba tare da fargaba ba. Amin.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya, a madadin shugabanni da membobi.